Gaskiya ko Jita-jita: Bin Sawun Kakan da Ya Yi Yaƙin Bama

Da wuya a sami tsohuwar unguwa a Arewa da babu "gidan Saje" ko "gidan Kofur" a cikinta. Mai gidan ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa sun manyanta, wasu ma sun bi shi, amma sunan ya zauna daram. In ka tambayi yaran gidan, amsar kusan ɗaya ce ko'ina: kakanmu soja ne, ya yi yaƙin Hitila, ya je Bama, harsashi ba ya kama shi, kuma Turawa sun cinye masa kuɗi. Daga nan labari ya ƙare. Ba wanda ya san bataliyarsa, ba wanda ya san shekarar da ya tafi, balle wadda ya dawo.

Yanzu da jikoki suka yi boko, waya kuma ta shiga hannun kowa, an fara samun masu son bin sawu. Abin a yaba ne. Sai dai yawancinsu da guzurin jita-jita suke fita, shi ya sa suke dawowa hannu rabbana, wasu har an yashe musu aljihu. Maganganun da ake yi a zaure ba duka ne ƙarya ba, ba kuma duka ne za a kai gaban takarda su tsaya da ƙafarsu ba.

"Ya yi yaƙin Hitila"

A zamanin Hitila aka yi, wannan kam babu ja. Amma in kakanka a Nijeriya ya shiga soja, ko a Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da wuya in ya taɓa haɗa ido da sojan Jamus a yaƙin duniya na biyu. Rundunar da Ingila ta kafa a Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya aza harsashinta a 1897, ake kuma taƙaita sunanta da RWAFF tun 1928, a fage biyu ta gwabza. Na farko Gabashin Afirka, inda ta kara da Italiyawa: birged ɗin Nijeriya ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, ta nausa cikin Habasha har Harar. Na biyu shi ne Bama, ƙasar da yau ake kira Myanmar, kuma can Japanawa ne abokan gaba. A 1943 aka harhaɗa manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82, daga baya aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya. Ta 81 ta yi fama a kwarin kogin Kaladan a 1944. Ta 82 ta biyo baya, aka kama Myohaung a Janairun 1945, aka ci gaba da kora ta gaɓar Arakan. Bataliya uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, an ware su an haɗa da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit, waɗanda ake saukewa da jirgin sama a bayan abokan gaba. Mutanen Afirka ta Yamma da suka je wannan fage sun kai kimanin 90,000, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Sarkin Katsina Usman Nagogo ma sai da ya je har can ya gan su.

Mai shakka ya dubi sunayen barikokinmu. Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Dodan da Myohaung da Arakan da Tamandu a Legas, duk daga yaƙin Bama aka ɗebo su. Babu barikin Balin, babu na Hambog.

To ina aka samo Jamus? A wuri biyu. Na ɗaya, yaƙin duniya na farko, inda sojan Nijeriya suka yi gaba da gaba da Jamusawa a Kamaru: Garwa ta faɗi a Yunin 1915, dutsen Mora ya yi taurin kai har Fabrairun 1916, daga nan aka tura wasu Tanganyika. In labarin gidanku akwai Garwa ko Banyo a ciki, yaƙin da ake nufi ke nan, kuma mai yiwuwa kakan kaka ake magana. Na biyu, 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi. Su Faransa ce ta ɗebe su, ta zuba su cikin rundunar da take kira ta Sanagal ko da mutum bai taɓa ganin Dakar ba, kuma wannan runduna ta yi yaƙi da sojan Hitila a cikin ƙasar Faransa a 1940 da 1944. Saboda haka Badamagare ko Bamaraɗe da ya ce kakansa ya yaƙi Jamus, yana iya yiwuwa maganarsa daidai take harafi da harafi. Bakano kuwa sai ya sake bincike.

Akwai wani ɗan lissafi da ya kamata a yi kafin a sayi ko da fensir. Wanda ya yi Bama a 1944, ko da ƙaryar shekaru ya shiga, an haife shi kafin 1930. In an ce kakanka ya rasu a 2010 yana ɗan shekara saba'in, ba Bama ya je ba. Ko dai Kwango ce tsakanin 1960 da 1964, inda barikin Bukavu na Kano ya samo suna, ko kuma yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. A bakin yara duk yaƙe-yaƙen nan sukan narke su zama ɗaya.

"Sunansa kawai zan buga a intanet, ya fito"

A nan ne mafi yawan masu nema suke kafewa, kuma a nan ya kamata a daɗe. Sunan da gida ya san mutum da shi daban, wanda akawun bariki ya rubuta daban. A wancan zamani babu zancen sunan dangi da ake gado. Kurtu ya tsaya gaban tebur, a tambaye shi sunansa, ya ce Musa. A tambaye shi garinsu, ya ambaci babban garin da Bature zai gane, ba ƙauyensu ba. Shi ke nan ya zama Musa Kano, ko da daga ƙasar Rano ko Ɗambatta ya fito. Haka aka sami su Garba Sokoto, Audu Katsina, Ali Bauchi, bila adadin. Neman Musa Kano a rajistar soja kamar ka tsaya tsakiyar kasuwar Kurmi ne ka ƙwala kiran "Malam!" Rabin kasuwa za su waiwayo.

Wasu kuma da sunan ƙabila aka rubuta su: Fulani, Beriberi, Zabarma, Munshi, Banana, a Gwalkwas kuma Grunshi, Moshi, Dagarti, Frafra. Sojan da tarihi ya ce shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na farko, a Togo cikin Agustan 1914, sunansa a takarda Alhaji Grunshi. Sa'an nan ga matsalar rubutu. Kunnen Bature ya ji Mamman ya rubuta Momo ko Moma ko Mama. Audu ya koma Awudu, Garba ya koma Garuba, Yusufu ya koma Yesufu. In ka buga da ƙa'idar rubutun yau, kwamfuta za ta ce maka babu, alhali mutumin yana nan.

Ƙari a kan haka, ba kowa ne ya ba da sunansa na gaskiya ba. Wanda ya gudo daga hannun ubangida, wanda ya tsere wa bashi ko haraji, yaron da ya sulale ba da sanin iyaye ba, Bazabarmen da ya ƙetaro iyaka don gudun aikin tilas na Faransa, kowannensu yana da dalilin da zai sa ya zaɓi sabon suna a ƙofar bariki. Kuma kalmar "Hausa" a takardun Turawa ba shaidar asali ba ce. Tun daga 'yan ƙungiyar da Bature Glover ya tara a Legas a 1863, duk sojan da ke jin Hausa Bahaushe ne a wurinsu, domin da Hausa ake ba da umarni a bariki. Dakarkari da Tibi da Barebari da Angasawa da Bachama da mutanen kudancin Chadi duk sun shiga ƙarƙashin wannan suna. Samanja Chari Maigumeri, wanda aka sa wa barikin Lokoja sunansa, mutumin Barno ne, kuma sojan Jamus ya fara yi a Kamaru kafin ya koma na Ingila. Mai bin sawu ya shirya wa abin da zai tono. Wani ya fita neman kakansa Bakano, ya dawo da labarin cewa asalinsu Zuru ne ko Dosso, Kano wurin sallama ce kawai.

A cikin gida ma sunan ba ya fitowa da sauƙi. Wani saurayi da na sani ya je wurin amaryar kakansa, wadda ita kaɗai ta rage cikin matan, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Iya, don Allah mene ne sunan Baba Saje na yanka?"

Ta ce, "Kai, ja can, mai gidan banza! Ni ce zan kama sunan Malam? Ko yana kabari ai da kunya."

Ya yi ta lallashi, ta ce, "To je ka tambayi sunan baffanku Babangida. Ai shi aka mayar wa."

Dabarar ke nan. Duk gidan da ke da Abba ko Babangida ko Baffa, wani aka ɓoye a bayan lakabin, sai a bi ta nan. Amma abin da ya fi sunan daraja shi ne wanda ta ciro daga ƙasan adaka bayan ta gama tsokanarsa: wani ɗan littafi naɗe cikin tsumma, gara ta ci gefensa, takardun sun yi ja sun yi laushi. Takardar sallama ce. A irinta galibi akan sami muƙami, rukunin da mutum ya yi aiki, ranar shiga da ranar fita, shaidar hali, wani lokaci har da tsagar fuska da dangwalen yatsa. A samanta kuma akwai lamba. Ta sojan Nijeriya takan fara da NA, ta Gwalkwas da GC. Musa Kano suna da yawa, amma lambar mutum ɗaya ce tak ke da ita. Tsofaffin sojan nan sukan manta shekarunsu, ba sa manta lambarsu, wasu har jikoki sun haddace ta saboda yawan ji, ba su san amfaninta ba. Hukuncin maganar buga suna kawai a intanet: jita-jita ce. Suna shi kaɗai ba ya kai mutum ko'ina.

"Ga hotonsa da kaki, ai magana ta ƙare"

Ba ta ƙare ba. Ɗan sandan gwamnati yana sa kaki, ɗan dokan En'e yana sawa, masinjan Di'o ma haka. A duba da kyau. Kayan faretin sojan RWAFF su ne jar dara, jan falmaran mai ado a baki, jar ɗamara da gajeren wando, bajensu kuma bishiyar kwakwa ce. Waɗanda suka je Bama sun koma sa malafa da koren kaya na daji. In hoton ya nuna kafaɗa, an yi sa'a: gizo-gizo baƙi a kan rawaya alamar runduna ta 81 ce, māsu biyu a gicciye cikin gammo kuma ta 82. Wannan ɗan ƙyalle kaɗai ya isa ya gaya maka ko a Kaladan kakanka ya sha wuya ko a gaɓar Arakan.

Gammon nan ba ado ba ne, kuma shi ya kawo mu ga wata magana da ake faɗa da raini: "Ai bai riƙe bindiga ba, ɗan dako ne kawai." Dajin Bama ba ya shiguwa da mota. Saboda haka aka kafa rukunoni na musamman na sojoji masu ɗaukar kaya a ka: harsashi, abinci, sassan igwa, na'urar waya, da waɗanda aka raunata. Da adda suke share filin saukar jirgi. Runduna ta 81 ta sare hanyar mota ta fiye da mil saba'in cikin duwatsu da kurmi, abincinta kuma daga sama ake jefo mata. Mutanen nan sojoji ne cikakku, da lamba da albashi, kuma ana harbinsu kamar kowa, sai dai su yawanci babu abin ramawa a hannunsu. A ganina jikan irin wannan mutum ba shi da abin sunkuyar da kai.

Inda ake samun ruɗani na gaske shi ne diban gwamna. Tsakanin 1942 da 1944, bayan Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya, an ɗebi dubun-dubatar talakawa daga lardunan Arewa aka kai su haƙar kuza a Jos bisa tilas, da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su. A ƙauye abin da aka gani shi ne an zo an tafi da mutum "saboda yaƙi". Bayan shekara tamanin, jika ya ɗauka soja aka kai shi. Wannan ba za a same shi a rajistar soja ba, domin bai taɓa shiga ba.

Game da ko dole aka yi wa sojojin ko son ransu ne, kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. A takarda sa-kai ne. A ƙasa kuwa Razdan ya faɗa wa sarki adadin da ake so, sarki ya faɗa wa hakimi, hakimi ya faɗa wa dagaci, dagaci kuma ba ɗansa zai bayar ba. Duk da haka akwai waɗanda suka kai kansu, don albashi, don koyon tuƙi, ko don budurwa ta ƙi su.

"Takardunsa duk suna Landan"

Wannan rabi da rabi ce, kuma rabin da ba gaskiya ba shi ya fi girma. Fayil ɗin sojan da aka ɗauka a Nijeriya a nan gida aka riƙe shi, bai bi Turawa zuwa Ingila ba. Ofishin ajiye bayanan sojan ƙasa na Nijeriya a Lokoja yake, ƙungiyar mazan jiya kuma tana da ofis a jihohi, kuma ko'ina ka je abin da za a fara tambayarka lamba ce.

Abin da ke Landan, a gidan adana takardun tarihi na unguwar Kew, shi ne littafin da kowace bataliya take rubuta abin da ya faru kullum. Na fagen Bama suna ƙarƙashin WO 172, na Afirka ta Yamma WO 173. Kada ka sa rai da ganin sunan kakanka a ciki. Hafsa Bature in ya ji rauni za a rubuta sunansa, baƙaƙen soja kuwa sau da yawa ƙidaya ce kawai: an kashe uku, biyar sun ji rauni. Amfanin littafin shi ne in ka san bataliya, za ka san ƙauyen da suka kwana a rana kaza, kogin da suka haye, da ranar da aka yi musu kwanton ɓauna. Sai ka ga labarin da tsoho yake bayarwa ana dariya, na ranar da suka kwana cikin ruwa har wuya, ga shi a rubuce da kwanan wata. Wanda aka ba lambar jarumta ne kaɗai ya tsira daga wannan ƙidaya, domin takardar da hafsansa ya rubuta yana bayanin abin da ya yi tana cikin WO 373, ana kuma iya nemanta da suna ta intanet.

Kafin a yi tunanin biza, a je Kaduna. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke can yana riƙe da fayilolin larduna, irin su Kanoprof da Zarprof da Sokprof, inda ake samun wasiƙu kan ɗaukar soja, neman wa waɗanda aka sallama aiki, da takardun koke da tsofaffin soja suka sa aka rubuta musu. Takardar koke ta fi komai daɗi ga mai nema, domin mai ita yakan faɗi sunansa, lambarsa, garinsu da damuwarsa a shafi ɗaya. Ga Gidan Arewa nan kusa. Ga kuma tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita. Ana kai ta har fagen fama, sojoji kuma suna aiko mata da wasiƙu.

Na ɓangaren Faransa sun ɗan fi sa'a a nan. Faransa ta kwashe nata takardun, na sojan mulkin mallaka da yawa suna ofishin ajiya na birnin Pau, waɗanda suka mutu a yaƙi kuma ana iya duba sunayensu a shafin Mémoire des hommes. Su ma dai lamba da gundumar da aka ɗebi mutum ake buƙata.

"Ga mindarsa, sunansa na jiki"

In ta yaƙin farko ce, gaskiya ne: a juya ta a dubi bakin da'irar, za a ga lamba da suna da rukuni an buga da ƙananan haruffa. In ta yaƙi na biyu ce, babu komai a jiki, haka Ingila ta raba su. Tauraruwar Bama mai tsini shida, mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, tana nuna an je Bama, ba ta nuna wa ya je. Ta Afirka ƙyallenta ruwan ƙasa ne da jan ratsi a tsakiya. Kowa yana iya sayen irinsu wurin 'yan gwangwan, don haka a haɗa ta da wata shaida.

"Harsashi ba ya kama su" da "Tunda bai dawo ba, can ya mutu"

Sun tafi da layu da guraye, iyaye sun yi rubutu an sha, wannan ba wanda zai musa. Amma a maƙabartar Taukkyan, arewa da birnin Yangon, akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na sojojin da ba a san kabarinsu ba, kuma cikinsu akwai jerin su wane Kano da wane Sokoto. Akwai kaburburan mutanenmu a Chittagong ta Bangladesh. Wanda ya dawo shi ya ba da labarin laya. Abin da ya fi harsashi kwantar da mutane ma cuta ce: Janar Slim, kwamandan wannan fage, ya rubuta cewa a 1943 duk mutum ɗaya da aka kwashe saboda rauni, an kwashe 120 saboda rashin lafiya, zazzaɓin cizon sauro da atini a kan gaba.

Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, CWGC, tana da shafi kyauta inda ake neman mamatan yaƙe-yaƙen biyu. Matattu kaɗai take lissafawa, don haka wanda ya dawo gida da ransa ba ya ciki. Rashin ganin suna kuma ba hujja ba ce, musamman a yaƙin farko. A 2021 hukumar da kanta ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba ko ba a tuna da su sam, har ministan tsaron Ingila ya ba da haƙuri a majalisa.

Ba kuma duk wanda bai koma ƙauye ba ne ya mutu. An yi ta dawo da su a 1945 da 1946, da yawa suka maƙale a Legas da Kaduna da Jos da Kumasi, suka zama direbobi, masu gadi, masinjoji da 'yan doka, suka yi sabon aure. Wani ma an ba da shi a ɓatacce ya dawo. Isaac Fadoyebo, ma'aikacin jinya daga ƙasar Owo, an harbe shi a bakin Kaladan a Maris ɗin 1944, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi shi da wani abokinsa ɗan Saliyo wata tara, har aka zo aka cece su. Ya rayu har 2012. Saboda haka kafin a tafi neman kabari a Bama, a fara tambaya a Sabon Gari da zango-zango.

"Akwai kuɗinsu a Ingila, jikoki za su iya karɓa"

Cewa an cuce su gaskiya ne. Wata takardar gwamnatin Ingila ta 1945, da 'yan jarida suka tono a 2019, ta nuna kuɗin sallamar farabiti Bature sule goma ne a kan kowane wata da ya yi yana aiki, na baƙin soja mai muƙami ɗaya da shi kuwa sule uku da sisi. Yawancin waɗanda aka ɗauka don yaƙin kawai garatuti aka ba su sau ɗaya, babu fansho sai ga wanda ya daɗe a aiki ko ya nakasa. Ɓacin ran nan ne ya fito da tsofaffin soja kan titi a Accra ranar 28 ga Fabrairun 1948, aka harbe uku daga cikinsu. A Thiaroye ta Sanagal, ranar 1 ga Disamban 1944, Faransa ta buɗe wa nata wuta saboda sun nemi haƙƙinsu. Daga baya ta daskarar da fanshon sojan Afirka da dokar 1959, ba ta fara daidaita shi da na Faransawa ba sai 2007, ta kammala a 2011, lokacin da yawancin masu shi sun riga mu gidan gaskiya.

Amma cewa akwai wata taska a Landan da ke jiran jikoki su cika fom, wannan ƙarya ce tsagwaronta. Tallafin da ake bayarwa ta hannun ƙungiyar tsofaffin sojan ƙasashen renon Ingila na ciyarwa ne, ga tsohon sojan da ke raye cikin ƙunci ko matar da ya bari. Ba gado ba ne, ba ya sauka kan 'ya'ya balle jikoki, kuma ba a biyan ko kwabo kafin a samu. Duk wanda ya zo da jaka da hatimi ya ce a kawo kuɗin rajista da takardar sallama ta asali zai fito da "kuɗin Bama", ɗan damfara ne. Kuɗin da zai ci ma da sauƙi. Takardar da zai tafi da ita ce ba ta da madadi.

Wanda ya shiga soja a 1943 yana ɗan shekara 18 ya cika ɗari a 2025. Waɗanda suka ji labari daga bakinsu kai tsaye, amare da 'ya'yan fari da ƙannen da suka raka su tashar jirgin ƙasa, su ma yanzu ƙidaya gare su. In akwai irinsu a gidanku, a je musu cikin makon nan da waya mai caji da littafin rubutu. A ɗauki muryarsu, a ɗauki hoton kowane shafi na takardar sallama gaba da baya, a raba wa 'yan'uwa, a mayar da ta asali cikin adaka, kada a ba kowa aro. Tambayar farko kuma ita ce lambar.